Itacen da Yaya Ladi ta bari a bayan Ribah

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Ladi a Zuru, bayan sankarar mama ta cinye ta. Abin da ke min nauyi shi ne, maganin wannan ciwon ta ƙare rayuwarta tana nema.

Ilimin haɗa magunguna ta karanta. Duk damina takan baro jami'ar da take koyarwa ta dawo gida, ta shiga duwatsu neman ganye da sassaƙe. Ita ta fara gaya mini cewa wasu alluran ciwon daji da ake yi a asibiti daga tsirrai aka tato su. Wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Ribah ta nuna mata wani itace, kuma a ɗakin gwaji ruwansa ya kashe ƙwayoyin ciwon. Da Ladi ta kwanta, Inna ta roƙe ta a dafa mata shi.

Ta ce, "Inna, a kwalba ya yi aiki. A jikin mutum ban sani ba tukuna, yana iya zama guba."

Ba ta sha ba. Yau idan na ji masu lasifika a kasuwa suna rantsuwa cewa garin maganinsu na warkar da ciwon daji, nakan tambayi kaina me za ta ce musu.

Bara na ɗauki ɗan kabu-kabu na je neman itacen. Ƙauyen ya zama kufai tun da 'yan bindiga suka kori mutanensa. Ciyawa ta rufe hanya, ko kukan kaza babu. Na tarar da itacen tsaye, an yanke ɓawonsa siriri daga gefen gabas, an shafe wurin da laka don kada ya mutu. Ladi kaɗai na taɓa gani tana yin haka. Na taɓa lakar, ɗanya ce. Na duba ƙasa, babu sawun kowa sai nawa.

Wataƙila wani ɗalibinta ne, na tambaya ban samu ba. Abin da ya rage mana nata ba magani ba ne, aiki ne da aka bari a buɗe. Da na ba Inna labari, ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta ce, "Ashe ba ta gama ba."