Yadda Kawu Ya Tuhumi Babbar Fashewa

Shekarar da na fara koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Malumfashi, ji nake babu abin da ke sama ko ƙasa da ban karanta ba. Na gama digiri a fiziks, an ba ni aji uku, na ɗinka sababbin atamfofi, har mai Keke Napep ɗin da ke kai ni makaranta ya fara ce mini Malama. A zangon farko aka ce in yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani kan asalin sararin samaniya, abin da masana ke kira Babbar Fashewa. Tun saura mako biyu na kasa zama wuri ɗaya don ɗoki. Ko tuwo nake tuƙawa, darasin nake karanta wa tukunya.

Ranar Asabar na sayi ledar balan-balan a kasuwa, na hau mota zuwa ƙauyenmu da ke gefen Kafur. Kaka ce, tsakar gida cike da masara. Na tarar da Inna tana ɓarewa, yayanta kuma, wanda muke kira Kawu, yana zaune kan turmi yana taya ta. Kawu ya yi shekaru yana aikin awo a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua kafin ya ajiye ya koma gona. Yadda yake cusa hannu cikin buhu ya ji ko an jiƙa audugar don ta yi nauyi, haka yake yi wa kowace magana.

Ko mayafi ban cire ba na ce su ba ni kunnuwansu, zan gwada darasi a kansu. Na ɗiga wa balan-balan ɗaya ɗigo-ɗigo da biro, na ce kowane ɗigo gungun taurari ne. Na hura. Ɗigon suka yi ta nesa da juna.

“Haka masana suka gani da madubin hangen nesa,” na ce. “Gungun taurari suna ta nesa da juna. In ka mai da lissafin baya, za ka ga akwai lokacin da komai yake dunƙule wuri guda, da zafi marar misali. Kusan shekara biliyan goma sha huɗu ke nan.”

Inna ta ce, “Sannu da ƙoƙari,” ta ci gaba da masararta.

Kawu ya ajiye totuwar da ke hannunsa. “Malama, sake hurawa in gani.”

Na sake.

“To, ke kika hura wannan. Ba zan ma tambaye ki wa ya hura waccan ba, don ni da ke mun san amsar, kuma in na kawo ta yanzu na yi miki fin ƙarfi. A kan tabarmarki nake so in kama ki. Wannan abar tana kumbura ne cikin tsakar gidan nan. Waccan cikin tsakar gidan wa take kumbura?”

Na yi murna, don na san amsar. Na ce babu wani fili a waje, filin da kansa ne ke buɗewa. Na ce sunan ma yaudara ne, ba fashewa ba ce irin ta tayar mota.

“Ashe ba fashewa ba ce, kuma ba ta da tsakar gida, kuma ba bakin da ya hura,” in ji shi. “To me ya rage na kamanninta da abin da ke hannunki?”

Na janyo ledar. Na hura wata, wai ko amsar tana ciki. Ta fashe mini a fuska, kaji suka watse, Inna ta yi dariya har ta kifar da ƙwaryar masara.

Daga nan abin ya zama wasa. Na cire mayafi na ɗaure ƙugu da shi. Kawu ya gyara hula.

“Wannan lissafin naku na komawa baya,” ya ce. “A ce kina tsaye a Bakori, mota ta wuce ki a guje daga Funtua. Kin auna gudunta, kin san nisan hanya, kin ce ƙarfe kaza ta baro tasha. Kin san ko direba ya tsaya ya sha shayi? Kin san ko sun yi faci? Kin ma san daga Funtua ta taso ba daga Zariya ba?”

Na ce masana ba gudu kaɗai suka auna ba. Akwai ragowar ɗumin farko da har yau ake kamawa da na'ura ta kowace kusurwar sama, kuma an ce za a same shi tun kafin a same shi.

Wannan ta shige shi. Ya ce, “Wanda ya faɗi nauyin buhu kafin a ɗora kan sikeli, aka ɗora ya yi daidai, ba a raina shi. Na ba ki wannan. Amma toka mai ɗumi tana gaya miki an hura wuta ne kawai. Ba ta gaya miki inda aka samo icen.”

“Kawu, wasu masanan sun ce daga babu komai ya fito.”

A nan Inna ta ɗago kai. “Wace irin babu?”

“Babu dai, Inna.”

“A'a. In na ce miki babu komai a rumbu, ai akwai rumbun, akwai iska, akwai ɓera. Tasu babun, akwai rumbu ko babu?”

Sai da na zauna a kan buhu. Gaskiya babun da na karanta a jami'a tana da dokoki, tana da lissafi, har motsi take yi. Na faɗa musu haka.

“To wannan ai ba babu ba ce,” in ji Inna. “Talauci ne kawai.”

Kawu ya yi dariya har hawaye, ni ma na kasa riƙe tawa. Ga jiri yana ɗibata, don na hura balan-balan ya fi goma a jere. Na miƙe zan kawo hujjar cewa lokaci ma a can ya fara, saboda haka tambayar abin da ke gabansa ba ta da ma'ana, sai tsakar gida ta juya da ni, na zube cikin ɓawon masara. Ina kwance ina kallon sama ina ƙyaƙyatawa, Kawu ya leƙo fuskata.

“Duk tambayar da ta gagare ku sai ku ce ba ta da ma'ana? A kamfani, in manomi ya yi mini tambayar da ban sani ba, cewa nake ban sani ba.”

Ina daga kwancen na ce, “Kawu, ka zo ajina ranar Laraba.”

Ban yi tsammanin zai zo ba. Na dai nemi izinin shugabar makaranta, wata Hajiya mai tabarau da ba ta cika murmushi ba, ta amince bisa sharaɗin ita ma za ta zauna. Ranar Laraba da hantsi sai ga Kawu ya sauka daga keke cikin farar babbar riga da ya ajiye don Juma'a, yana ƙamshin turare, riƙe da tsohon littafin rubutu da ya jera tambayoyinsa a ciki da ajami.

Na yi darasina, ya kuma yi kyau. Sannan na ce wa 'yan matan ga kawuna, ya zo ya ƙaryata ni. Aji ya ɗauki guɗa ƙasa-ƙasa. A shekarunsu babu abin da ya kai ganin an kayar da malama daɗi.

Kawu ya kawo motar Bakori, ya kawo rumbun Inna, ya ce na ƙanwarsa ne ba nasa ba. Ya kuma zo da sabuwa, don ashe ya sa an karanta masa wani abu a waya.

“An ce mini da suka auna nauyin abin da ke sama, lissafi bai cika ba. Abin da ake gani kaɗan ne, mafi yawa ba a ganinsa. Sai suka ce akwai wani duhun abu da ya cike gurbin. Malama, haka ne?”

Na ce haka ne, amma ana ganin yadda yake jan taurari.

“Ni da na rubuta wa manaja cewa audugar da ta ɓace tana nan, duhun auduga ce, da a ranar zan kwana a gida.”

Aji ya ɓarke. Wata ta kifa kai a tebur tana bubbuga shi. Na saci kallon shugabar makaranta, na ga ta cire tabarau tana share ido da gefen mayafi. Ni kaina jingina na yi da allo, alli ya ɓata mini sabuwar atamfa, ban damu ba.

Sai shugabar ɗalibai, wata doguwa mai kaifin baki da ke zama a gaba, ta ɗaga hannu. “Baba, ke nan duk ƙarya ce. Mu daina wahalar da kanmu da karanta shi.”

Wasu suka tafa. Ni kuwa ba nan na so mu sauka ba.

Kawu ya rufe littafinsa. Dariyar ta bar fuskarsa. “'Yar nan, me kika taɓa aunawa?”

Ta sauke hannunta, Kawu ya ci gaba.

“Mutanen nan sun auna. Sun zauna shekara da shekaru suna auna hasken da ni da ke ko ganinsa ba ma yi. Ni aikin awo na yi, na san wahalarsa. Ban ce sikelinsu ƙarya yake ba. Cewa na yi kowane sikeli yana da inda lambobinsa suka ƙare, mai gaskiya kuma yana nuna wa mutane wurin. Sun gaya mana yadda abin ya yi ta buɗewa, na yarda. Dalilin da ya sa akwai abin tun farko, ba su auna shi ba, kada su yi magana kamar sun auna. Ke kuma ba ki da izinin raina su sai kin iya lissafin da Malamarku ta iya. Ni ma ba raina su na yi ba, tsokana ce irin ta abokan sana'a.”

Ya juyo gare ni. “Malama, rubuta musu lissafin gudun taurarin nan. Ni ma zan kwafa.”

Ya zauna a bencin gaba, babbar rigarsa ta cinye wurin mutum biyu, ya karɓi aron biro. Na raba allo gida biyu. A hagu na rubuta abin da aka auna, a dama abin da ake hasashe, 'yan mata suna ta gardamar inda kowane abu zai shiga. Duhun abin nan sai da muka rubuta shi a kan layin tsakiya. Aka kaɗa ƙararrawar tara babu wadda ta motsa. Shugabar ɗaliban ce ta fara gama lissafin, ta kai wa Kawu ya duba, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce ta yi daidai, alhali bai karanta boko sosai ba. Daga baya ita ce ta tafi jami'a ta karanta fiziks.

Da muka fito, shugabar makaranta ta raka shi har bakin ƙofa, ta ce, “Alhaji, muna da darasi kan asalin rai a zango mai zuwa.”

Kawu bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara mata ba. Ya ce zai duba ko ya gama kai waken suyarsa kasuwa. Muna shiga keke ya ce wa direba ya bi ta tasha, yunwa yake ji. Ya saya mana rake da soyayyar awara, muka tafi muna ci muna dariya, yana tambayata ko malamin da ke koyar da asalin rai yana da haƙuri ko mai saurin fushi ne, don ya san irin shirin da zai yi masa.