Dattijon da Ke Shafa Ciyawar Kalanda

A shagon ɗinkin aminina Bashar, cikin kasuwar Tsafe, har yau kalandar bara ce a rataye. Hoton gandun dajin Gashaka ne a jikinta: duwatsu, ruwa na zubowa daga sama, ga ciyawa kore shar. Kullum yakan ce mini, "In hanya ta yi lafiya, can za mu." A hanyar Gusau aka harbe shi. Na kasa sauke kalandar.

Yau wani dattijo ne tsaye a gabanta. Dogo ne siriri, malfarsa ta yage a gefe. Ya gicciya sanda a kafaɗa ya rataya hannuwa, irin tsayuwar makiyaya. Amma babu kashin shanu a takalminsa, babu ƙanshin nono a rigarsa. Ina jin ya daɗe rabonsa da garke.

Ruwan bai dame shi ba, balle duwatsun. Ciyawar yake shafawa da yatsa, yana matso da ido ko zai gane irinta.

"Malam, wanga haki yana kai rani?"

"Haka aka ce, Baba. Sai dai ba a barin shanu su shiga."

Ya yi murmushi. "Ashe ni za su bar ni. Nawa ɓarayi sun kore su tun bara."

Na miƙa hannu zan ciro masa ita, ya riƙe ni.

"Bar ta, ɗana. Filin makaranta muke kwana. Ba ni da bangon da zan rataya ta."