Kwalbar da Na Kasa Karantawa

An sa ni na yi shaida a kan abin da ban gani ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ku da kuka shigo aikin kargo yanzu, ku buɗe kunne.

A 2012 ina tafinta a wani ofishin kargo na 'yan Chana a unguwar Port Saeed, can ƙasar waje. Aikina in karɓi fataken Kano, in cike musu takardar kaya, in raka su wurin awo kafin a loda kwantena. Kullum bakwai da rabi matar manaja take fito da karin kumallo: kunun shinkafa ba sukari, da wani farin burodi da ake turarawa, da kaza a cikinsa. Duk wanda ya yi sammako sai a miƙa masa. Manaja ya ce mini, "Halal, halal," ni kuma na riƙa faɗa wa mutanena haka.

Wata Talata Alhaji Sabo, mai odar takalma, ya gutsuri burodin, ya shinshina, ya dube ni.

"Hajiya, wannan ƙamshin fa?"

"Kaza ce, Alhaji."

"Na san kaza tun ba a haife ki ba. Kin tabbata, ko ce miki aka yi?"

"Na tabbata. Ci abinka."

Ya ci, saboda ni. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan.

Da azahar na shiga kicin da sunan wanke kofi. Ledar kaza da tambarin halal, wannan na karanta. Amma a bayan buhun shinkafa ga wata kwalba, rubutun Chana zalla. Na buɗe, sai ƙamshin da Alhaji ya ji. Matar manaja ta shigo ta karɓe ta mayar tana dariya, wai kayan miya ne. Dariyar ba ta kwanta mini ba.

Ina da shekara talatin da takwas na shiga ajin yaƙi da jahilci, na rantse ba mai ƙara karanta mini takarda. Yau ga ni jahila a gaban kwalba! Tana fita na kwafe zanen a bayan wani tsohon rasit, layi bayan layi, yadda na koyi baƙaƙen boko.

Kafin in wuce masaukina a Hor Al Anz na biya wani shagon 'yan Chana. Mai shagon ya duba, ya ce giyar shinkafa ce ta girki, ƙarnin nama take kashewa. "Shwayya, ɗan kaɗan kawai ake sawa. Mu ba ma kiranta giya."

Na yarda ba mugunta ba ce. Matar ta guji alade tsakani da Allah, a wurinta nan halal ya tsaya. Amma ba ita Alhaji ya tambaya ba. A wannan sana'a, abin da ya fita daga bakin tafinta nasa ne, ko wa ya faɗa masa.

Washegari ƙarfe bakwai na iso da burodina da filas ɗin shayi. Na ɗauko kwalbar daga kicin na dire a teburin manaja, in kora ce a kore ni, na koma bakin ƙofa na tsaya. Alhaji Sabo na shigowa ban bari ya zauna ba.

"Alhaji, jiya na ce maka na tabbata. Ban tabbata ba. Hancinka ya fi ni gaskiya."