Baba Sajan da Hotunansa Sha Bakwai

Duk wanda ya taɓa shiga falon marigayi Baba Sajan Bawa a Zuru ya san doka: ba a zama sai an tsaya gaban hotunansa an ƙame. Hotunan kuwa ba mutum ba dabba, ja da baƙi da shuɗi ne kawai a karkace. A soja aikinsa buga lamba jikin akwatuna: a yanke kwali, a ɗora, a shafa fenti. Da ya ga masu zane a Zariya suna wannan aikin ba lamba ba harafi, shi ke nan, ya shiga tara nasu. Sha bakwai ya bari. Yanzu 'ya'yansa na son saukewa su kafa talabijin. Ni ɗiyar ƙanensa, ni na jera hotunan a bango, don haka ku saurari labarinsu bi da bi.

Na farko, Fasto. Ya zo ziyara, ya duba bango ya ce, "Sajan, wannan kuwa ba tsafi ba ne? Ban ga kamar komai ba."

"Fasto, akuya kake son gani? Ga ta can a garke, kyauta!"

Na biyu, Inna matarsa. Gilashin taga ya fashe, ta ciro hoto ɗaya ta toshe. Baba ya dawo, ya zare abinsa, ya cusa hoton aurensu a wurin.

"Haba Sajan! Aurenmu?"

"Wannan mun san abin da ke ciki. Ruwan sama ya yi ta dukan sa!"

Na uku, laifina ne. Wata dattijuwa cikin masu zanen ta zo takanas ganin aikinta. Tana shiga ta dafe ƙirji.

"Sajan, ai a juye yake!"

Kunya ta rufe ni, na miƙa hannu zan gyara. Baba ya daka tsawa, "Tsaya nan! Malama, kwana nawa kika yi kina yin sa?"

"Uku."

"Ni shekara ashirin ina kallon sa. Wa ya fi sanin samansa?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta karɓi biro ta sake sa hannu a sabon ƙasan.

To, 'yan uwana, kun ji. Muddin ina numfashi ba mai taɓa ko ƙusa ɗaya. Mai son talabijin ya kafa ta a garke, kusa da akuya!

Ubangiji, kai ka san saman kowa da ƙasansa. Ka karɓi Baba yadda yake, ka ba shi hutawa. Amin.