Ranar da Baba Ya Taɓa Tsirkiya

Wata Asabar ce cikin hutun Ista na shekarar 1981, rana ta take, kwanon rufi yana ta ƙas-ƙas don zafi. Muna cikin wani ɗan ɗaki a bayan tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa, ni da Yaya Bulus, ɗan ƙanen mahaifina, mun durƙusa gaban wata tsohuwar jitar lantarki da aka kwantar a kan tabarma. Launinta irin na zuma ne da ta daɗe a kwalba, fentin gefenta ya goge har farin itace ya fito. Mai ita, wani dattijon makaɗi da kowa ke kira Masta, yana zaune a kan akwatinsa yana fifita da murfin kwali. Baba kuwa yana bakin ƙofa, ya ba mu baya, yana kallon tsakar gida. Ina da shekara goma sha huɗu, littafin rubutu a hannuna ya jiƙe da gumi, kuma ni ake jira in ce a saya ko kada a saya.

Ƙauyenmu yana gabas da Dayi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba. Gida ne babba, sassa huɗu, rumbuna jere a bayan danga, da tsohuwar tsamiya inda ake ɗaure awaki. Ni ce 'yar fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke yarinya" yake cewa, shi ma sai ta kama dole. Na tashi cikin surfe da ɗebo ruwa da kai fura gona, da korar tsuntsaye a gero lokacin da ya fara ido. Da yamma in 'yammata sun fita gaɗa a dandali, ni ina gindin rumbu da littafi, ko ina 'yar carafke ni kaɗai. Ba ƙin mutane nake ba, magana ce take maƙale mini a wuya in idanu sun yi yawa. Inna takan ce: "Wannan ko allura ta faɗi a turɓaya ita za ta gano ta, amma kada ku ce ta faɗi inda ta gan ta."

Akwai abin da kowa ya sani game da Baba amma ba a zancensa. Kafin a haife ni, shi ne makaɗin garaya na yankinmu. Kakanmu mai bin addinin gargajiya ne, kuma duk inda za a yi wasan bori, daga nan har bakin Malumfashi, Baba ake aikawa. Tsofaffi sun ce in ya sa hannu a tsirkiya, ko mai daka sai ta ajiye taɓarya. Ranar da aka yi masa baftisma ya ɗauki garayarsa ya tafi bayan gari shi kaɗai, ya dawo hannu wofi. Babu wanda ya sa shi. Shi ne ya yi wa kansa alkawari, kuma sau ɗaya na ji ya faɗa wa Inna dalilinsa: "Hannun da ya saba kiran su, in ya sake taɓa tsirkiya, za su ji." Ba ya zagin iskokin da ya bari, ba ya zagin 'yan'uwansa da suka zauna tare da su. Tsoron kansa yake. A coci ma can baya yake zama, in matan coci suna kaɗa tulu suna waƙa, sai ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

Maganar jita daga matasan cocinmu ta fito. Sun je wani taro a Malumfashi sun ga wasu samari da jitar lantarki, suka dawo ba su da wani zance. Yaya Bulus, wanda shi ne shugabansu, ya roƙi dattawa suka ba su wata saura a bakin fadama, suka shuka auduga. Damina guda muka yi a gonar nan. Samari suka yi huɗa da noman firi da maimai, duk bayan sun gama na gidajensu, wani lokaci ba su ci komai ba sai ɗanyar gyaɗa. Mu mata muka yi tsinka, ƙwanson auduga yana yankar mana gefen farce har jini. Aka kai audugar fuloti, inda ake awonta a saya, a kan jakuna, abin da aka samu aka ba matar Fasto ta ajiye. Bai isa sabuwar jita mai kyau ba. Sai wani direba ya kawo labarin Masta: ƙungiyar kiɗansa ta watse, zai koma garinsu can kudu, yana sayar da jitar da ya riƙe tun kafin a haifi yawancinmu. Nan gardama ta tashi. Wasu suka ce wahalar shekara guda ba za ta ƙare a kan tsohon kaya ba, gara a ƙara wata daminar. Wasu suka ce kayan da aka yi a da sun fi na yanzu ƙarko. A cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe irin wannan jitar fiye da minti biyar.

Ni na jawo wa kaina. A ɗakin karatu na makarantar kwana da nake, akwai wani littafi marar bango game da kayan kiɗa, da shafi uku a kan jitar lantarki. Na zauna sati biyu ina karanta su da ƙamus a gefe, na fitar da abubuwa goma da ake dubawa kafin a sayi tsohuwa, na ja layi da rula, kowanne da ɗan gidan da za a yi masa alama. Da na zo hutu na nuna wa Yaya Bulus a ɓoye, shi kuma ya kai gaban taro. Aka yanke cewa ni Rifkatu ce zan je in duba, abin da na ce shi za a yi. Inna ta ce 'yarta ba za ta bi samari Funtuwa ba sai da ubanta. Da aka gama cin tuwo, Baba ya ce zai raka, amma iyakarsa bakin ƙofa.

Haka muka iso ɗakin Masta. Da ya ga na buɗe littafi sai ya yi dariya ya ce: "Ashe da alƙali kuka zo mini. To, 'yammata, ga mai laifi nan kwance." Na bi jerina ɗaya bayan ɗaya. Na kanne ido na dubi wuyanta, a miƙe yake. Na murɗa maɗauran tsirkiyoyi shida, babu wanda ya cije. Na duba tsaga, na duba tsatsa, na shafa ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan, sun cinye amma ba su ƙare ba. Tara na yi wa alama. Na goma shi ne wanda littafin ya fi jaddadawa: kada a kuskura a saya sai an jona ta an ji muryarta. Kuma kwana biyu ke nan babu wuta a unguwar. Akwatin sautin Masta sai da wuta yake aiki, amsa-kuwwar cocinmu mai batirin mota kuwa Fasto ya tafi da ita wa'azi a ƙauyuka. Masta ya ce jirgin safe zai bi, in an saya an saya, babu inda za a same shi a mayar.

"Rifkatu, ke muke jira," in ji Yaya Bulus. "Motar Dayi ba za ta wuce la'asar ba."

Na dubi gidan nan na goma da ba shi da alama. Na tuna farcen ƙawata Saratu da ya kumbura a tsinkar auduga, na tuna samarin da ke komawa gida da fartanya a kafaɗa suna tangaɗi don yunwa. In na ce a saya ta zama kurma, da wane ido zan shiga coci? In na ce a bari, wata daminar ce gaba ɗaya. Sai Yaya Bulus ya ɗauki jitar ya ja yatsa a kan tsirkiyoyin. Wani ɗan sauti ya fito, siriri, ba daɗi.

"Ta ukun ta yi sanyi."

Baba ne ya yi maganar, bai ko juyo ba. Yaya Bulus ya murɗa, ya sake ja. "Ka wuce," in ji Baba. Ya sassauta, ya sake ja, ya ƙara lalacewa. Na ga kafaɗun Baba sun ɗaga sun sauka. Ya juyo, ba jitar ya fara duba ba, ni ya duba, da littafina da hawayen da nake ƙoƙarin haɗiyewa. Sai ya cire takalmansa ya shigo.

"Miƙo ta."

Yaya Bulus ya ce: "Baba, ai ba sai ka..."

"Na ce miƙo ta."

Ya zauna a ƙasa ya harɗe, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya sunsuna inda itacen ya fito, ya ƙwanƙwasa bayanta da gaɓar yatsa wuri uku. Bai san yadda Turawa ke ɗaure tsirkiyoyinsu ba, sai ya ɗaure su yadda kunnensa ya so, biyu kawai ya zaɓa a cikin shidan. Sannan ya yi abin da babu shi a littafina. Ya sunkuya ya ɗora haɓarsa a kan itacen, ya rufe ido, ya ja tsirkiya ɗaya ya saurara har sautin ya mutu a ƙashin kansa. Masta ya daina fifita.

Daga nan ya fara kaɗawa. Jitar lantarki in ba a jona ta ba, muryarta ba ta fi ta sauro ba. A waje jirgin kaya yana gyara tarago, wata mata tana daka, Masta da Yaya Bulus yatsu kawai suka gani suna gudu. Ni ce a durƙushe dab da gwiwarsa, ni kaɗai na ji. Kiɗa ne mai komawa wuri ɗaya yana sake tashi, kamar mai tafiya yana waiwayen gida. Bai kai tsawon tafasar ruwan shayi ba ya dafe tsirkiyoyin da tafin hannu.

"Wanda ya sassaƙa wannan ya bar itacen ya bushe tukuna," ya ce da Yaya Bulus. "Wayoyin cikinta ban san su ba, aikin mai gyaran rediyo ne, kuma ana canja su. Itacen ne ba a canjawa. Ka ga inda fentin ya goge? Nan hannu ya zauna shekara da shekaru. Kayan kiɗa in ba shi da daɗi ba ya tsufa haka, tun yana sabo ake jingine shi. Amma ba ni aka aiko ba." Ya mayar da ita kan tabarma ya koma bakin ƙofa.

Dukansu suka dube ni. Muryar da ta fito daga bakina ƙarama ce, amma ta fito. Na ce a saya.

Masta ya naɗe ta da wani tsohon zane, ya raka mu har titi. Da za mu rabu ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce: "Malam, ina ka ajiye wannan hannun duk shekarun nan?" Baba ya ce: "A gona."

A bayan motar Dayi, tsakanin buhunan taki da kajin wata tsohuwa, Baba ya zauna yana kallon tafukansa. Sai da muka wuce Bakori na yi ƙarfin hali, karo na farko a rayuwata na fara yi masa magana ba shi ya fara ba. Na ce: "Baba, iskokin sun ji?" Ya ce: "Ban sani ba. Ke kin ji?" Na ce na ji. Ya ce: "To." Na ciro fensir na yi wa gida na goma alama.

Washegari kafin sujada ya je ya gaya wa dattawan coci da bakinsa cewa ya karya alkawarin da ya yi. Suka ce ba su ga laifi ba, har suka roƙe shi ya koya wa yara. Ya ce a'a. Da Fasto ya dawo aka jona jitar, sai ƙara take kamar ana soya gyaɗa. Wani mai gyaran rediyo a Malumfashi ya canja waya ɗaya, ta buɗe murya. Shekaru da dama ta yi tana aiki, ana ɗaukar batirin amsa-kuwwar a keke duk Juma'a a kai caji. Baba ya ci gaba da zama can baya har ƙarshen ransa, bai sake taɓa tsirkiya ba. Abu ɗaya ne ya canja: ya daina matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi, ya bar su a sarari, yatsun suna motsi.

Yanzu cocin ƙauyenmu na bulo ne, da janareto da manyan akwatunan sauti waɗanda ake ji tun daga bakin fadama. Gonar audugar ta zama filin gidaje. Kwanakin baya jikan Yaya Bulus ya turo mini hoton wata tsohuwar jita a waya, yana tambaya: "Kaka, an ce kin san kan abin, ta cancanci a saya?" Na buɗe akwati na ɗauko shafin nan da ya yi ja don tsufa, na karanta masa tara. Na goman na rasa yadda zan tura masa, domin sai an durƙusa kusa da wani ake jin sa.

Na ji kiɗa iri-iri tun daga ranar, amma wanda bai fita daga ɗaki ba shi ne har yau bai fita daga kunnena ba.