Shekara bakwai bayan Hadiza, na tsayar da mashin biyu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Hadiza, Allah ya jiƙan ta. Na so in tuna ta da rai kwance, amma bana ranar ta zagayo ta tarar da ni ina lissafi: mashin uku na tace ruwa, biyu a tsaye, ma'aikata tara, biyar suna zaune gida, babban mai sayen ruwana guda ɗaya, shi ma ya juya kan kamiyonsa, babbar motarsa ta kaya, zuwa wata ƙofa. Duk wannan a kan wani tantani da bai kai kaurin takarda ba.

Ni ɗan kasuwa ne. Daga Damagaram na zo Arlit, na fara da ga-ruwa, yau ina sayar da ruwan leda da na bido, wato jarka. Hadiza ni na kawo ta, na sa ta lakol ta yi karatun boko, har ta zama mai gwajin jini a labo na wani asibiti. Lokacin da na sayi mashin na farko, na koma gida ina mita, don an ce mini tantanin da ke naɗe cikin bututunsa yana gajiya, dole a riƙa sake shi, kuma da tsada. Na tarar tana yanka albasa. Ta barbaɗa wa yanka ɗaya gishiri, ta tura mini gabana, muka zuba masa ido har ya fara zufa.

"Yaya Rabe, wa ya matse ta?" in ji ta.

Na ce babu kowa.

"To, kai ma haka kake, duk da girman cikin nan naka."

Ta yi mini bayani da Hausar da zan gane. Jikin mutum, kamar na albasa, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace a lulluɓe da tantaninta. Tantanin ruɓi biyu ne na maiƙo, gefen da ke son ruwa yana fuskantar waje da ciki, gefen da ke gudun ruwa ya ɓuya a tsakiya. A jikinsa akwai ƙofofi, wata ta ruwa, wata ta sukari, wata aikinta turo gishiri waje da ƙarfi dare da rana. Ruwa yakan ratsa ya bi inda gishiri ya fi yawa, shi ya sa albasar ta yi zufa. Ta ce ƙwayar tana raye ne muddin tantaninta yana iya cewa wannan ya shiga, wancan ya tsaya. Ran da ya bar kowa ya wuce, ta mutu.

Sannan ta faɗi abin da ya zauna mini. Ƙodar mutum cike take da irin waɗannan tantani, kuma duk abin da mashina ya bari ya wuce, su zai je ya sama. "Na mashin ɗinka ana sayen sabo. Na ƙoda, Yaya, ko kai da wayonka ba ka samo shi a kasuwa." Ita ta tilasta mini sayen ɗan abin awo mai kamar biro, wanda ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ta. Mun kai ta nesa wankin jini, na zauna ina kallon jininta yana bi ta cikin tantanin roba yana komowa. Ban ce ruwa ne ya kashe ta ba, babu likitan da ya gaya mini haka, kuma ajali ba ya jiran dalili. Amma duk mai zaune a garin ma'adini irin Arlit ya san tambayar da muke kwana da ita game da abin da muke sha da abin da muke shaƙa.

Yau ga yadda muke. Hanyoyin da kaya ke shigowa sun yi wuya, tantanin da na yi oda ya yi watanni yana hanya. Abin awon ya fara nuna hauhawa a mashin na farko, sannan na biyu. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai ruwan da ke fitowa garau yake, ba wari, ba launi. Agali, babban mai sayen nan nawa, direban da ke kai ruwana wurin masu haƙar zinariya a Cibarakaten, ya ɗaga bido ɗaya yana kallon sa a rana.

"Alhaji, ruwan nan fari ne tas. Can mutane ƙishirwa ke kashe su, ba biro ba. Ka cika mini in tafi."

Ban ga laifinsa ba, gaskiyarsa ya faɗi. Mai ƙishirwa a hamada ba ya tambayar awo. Na kwana ina juya maganar, har na ce wa kaina wata biyu kawai, kafin kaya su iso. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin awon ba ya gaya mini wane ƙadangare ne ya shiga. Wataƙila gishiri ne kawai. Wataƙila ba shi kaɗai ba. Washegari na kashe mashin biyun, na ce wa Agali abin da na ukun ke bayarwa ba zai cika kamiyonsa ba. Ya ce, "Allah shi kyauta," ya tafi inda ake cika masa.

Da Hadiza na nan, me za ta ce? Ina jin ba za ta yaba mini ba. Za ta tambaye ni ruwan wa masu haƙar nan ke sha yanzu. Za ta tambaye ni gidajen ma'aikata biyar ɗin da me suke cefane. Wannan ne ke hana ni barci: na rufe ƙofata, amma ƙishirwar garin ba ta ragu da kofi ɗaya ba.

Abin da ta bar mini bai wuce wannan ɗabi'ar ba, ta tsoma biro a ruwa kowace safiya kafin a ƙulla leda. Jiya na tsoma a mashin na uku, na ga shi ma ya fara motsawa sama. In ya kai inda ƴan'uwansa suka kai kafin kaya su iso, zan kashe shi.

Ga lissafina na bana. Asara: kakar zafi guda, Agali, da wataƙila sana'ar da na gina tun ina ɗaukar ruwa a kafaɗa. Riba: ƴaƴan Hadiza uku a gidana suke, daga ledata suke sha, kuma har yau ban taɓa kawar da kai ba in suna sha. A kasuwa ba a kiran wannan riba. Na duba, na sake dubawa, ban yarda in sayar da ita ba.