Yadda Na Yanke Bidiyon Malam Sabi'u Na Cuci Manoman Garinmu

Kafin sunana ya ɓaci, ni ake nema a garinmu in waya ta ƙi aiki. Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Watari, gidaje a jikin gonaki, kowa ya san abin da ke rumbun maƙwabcinsa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai Kawu Haruna, ƙanin Inna, ya riƙe mu da abin da yake nomawa. Na taɓa karatu a Bici ban kai ƙarshe ba, na dawo na kafa rumfar cajin waya a bakin kasuwa. A lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba, shi ya sa da ƙungiyar ci gaban garinmu ta buɗe shafi a yanar gizo, aka damƙa shi a hannuna ba tare da gardama ba.

Da farko sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa kawai nake sakawa. Sai na ci karo da tashar bidiyo ta wani mutum mai suna Malam Sabi'u, wanda yake zagaya rumfunan hatsi a Dawanau da wayarsa, yana tambayar farashin gero da dawa da wake. A farkon kowane bidiyo yakan faɗi ranar da ya ɗauka. Na nemi lambarsa na kira shi, na ce ina so manomanmu su riƙa gani a shafinmu.

Ya ce, "Ba komai, ka maƙala shi yadda manhajar ta ba da dama, ya riƙa buɗewa daga tashata. Amma kada ka sauke shi ka sake ɗorawa, kada ka yanke komai a ciki. Wahalata ce, kuma bakina ne a ciki."

Na ce masa na ji. Maƙalawar nan kamar ka buɗe taga ce a shafinka, mutane su leƙa su ga abin da ke gidan mai shi. Bidiyon yana nan a wurinsa da sunansa, in ya cire shi, ya ɓace a wurinka. Haka na yi ta yi, mutanenmu kuwa suka saba ba sa kwance bakin buhu sai sun ji abin da Malam Sabi'u ya faɗa.

Ɓarnar ta fara ne da abin da na ɗauka taimako ne. Mutane suka yi ƙorafin bidiyon yana cinye musu data, sai na riƙa sauke shi, in rage masa nauyi, in ɗora a shafinmu kai tsaye. Ban faɗa wa mai shi ba. Da na ga shiru, sai na rufe sunansa da ke gefe na sa na rumfata. Nan ma shiru. Zuciyata ta ce ai abin da ke yawo a waya ba shi da ubangida.

Da kaka ta yi, wani mai sayen hatsi da ake kira Alhaji Ɗanlami ya fara tsayawa da motarsa kusa da rumfata. Ban yarda da shi ba tun ranar farko. Yakan kawo waya caji alhali motarsa tana caji, yana magana yana waige-waige. Rannan da rumfar ta watse ya ce, "Kana ajiye tsofaffin bidiyon mutumin nan?"

Na ce suna nan.

Ya ce, "Akwai na bara, lokacin da wake ya faɗi. In ka cire wurin da ya faɗi rana ka ɗora shi gobe, ba za ka yi nadama ba. Kai ba ka yi ƙarya ba, bakinsa ne zai faɗa."

Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani, amma gaskiya na riga na yarda tun kafin ya tayar da mota. Na yanke bidiyon na ɗora. Kafin azahar labari ya zagaye gari cewa wake ya karye a Dawanau, kuma zai ƙara karyewa. Motar Alhaji tana bakin kasuwa da buhuna wayam tana jira.

Kawu Haruna ya same ni a rumfa. Wakensa ya ajiye don ya sayi injin ban ruwa ya shiga noman rani a Watari. Ya ce, "Ɗana, kai ka san kan abin nan. Yadda mutumin nan ya faɗa, haka yake?"

Na sunkuyar da kai kamar ina gyara waya na ce, "Haka yake, Kawu." Ya sayar da shi duka.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In mutum biyu suka yi ƙasa da murya a masallaci, sai in ce da ni suke. In wani ya daɗe yana kallon shafin a wayarsa, sai in matso in ga me yake dubawa. Har Inna na fara zargi da ta tambaye ni inda na samu sabon babur ɗin da na saya da kuɗin Alhaji. Shi ma Alhaji na lura ba ya kirana ta waya, ba ya ba ni komai a gaban mutane. Duk da haka da ya zo da maganar gero, na sake yi masa.

Asiri ya fara tonuwa da wasu mutanenmu suka je Dawanau sayen buhuna, suka tarar wake bai taɓa faɗuwa ba, tashi ma ya yi. Gari ya ɗauki zafi, amma ba ni aka zarga ba. Aka ce Malam Sabi'u ne ya haɗa baki da masu saye. Ni ma na sa baki, na ce dama mutumin kasuwa ba abin yarda ba ne. Wasu samari suka bi shi har Dawanau, suka yaga masa riga a gaban jama'a, suka fasa wayar da yake aiki da ita.

Ranar kasuwarmu sai ga Malam Sabi'u tare da shugaban ƙungiya. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bencina ya ce in buɗe shafin. Ya danna inda ya kamata ya kai mutum tasharsa, bai kai ko'ina ba. Ya ce, "Wannan ba daga wurina yake buɗewa ba. Wa ya sauke shi? Ina sunana, ina ranar da na faɗa?"

Na ce wataƙila ɓarayin yanar gizo ne suka shiga shafin. Ya ari wayar shugaba, ya nemo bidiyon na asali a tasharsa, ya ɗaga sama kowa ya ji ranar ta bara da bakinsa. Na hango Kawu a cikin taron, ya juya ya tafi.

'Yan sanda suka ɗauki kwamfutar da nake aikin shafin da ita, suka tarar da bidiyon na asali da wanda na yanke a wuri ɗaya. Alhaji ya rantse cajin waya kawai ya haɗa mu, ni kuma ba ni da shaidar da zan nuna. A kotu aka tuhume ni da zamba da keta haƙƙin mallaka. Na ce ai mai shi ya ba ni izini. Alƙali ya ce izinin maƙalawa aka ba ni, ba na kwafa da yanka da canza suna ba. Aka tura ni gidan yari.

Ba zan tsawaita kan zaman can ba. Abin da ya fi yunwa da ƙwari ciwo shi ne labarin da Inna ta kawo mini, cewa Kawu ƙwadago ya yi a gonar albasar wani da ranin nan, yana ɗibar ruwa da shekarunsa.

Da aka sake ni, Dawanau na fara zuwa. Malam Sabi'u ya ce ya yafe, amma ya ƙara da cewa, "Har yau in na faɗi farashi, akwai masu cewa nawa aka ba ni. Wannan ba ka da yadda za ka mayar mini." Kawu ma ya yafe, har ya samar mini aiki a gonar da yake. Sai dai in na ce masa ruwa ya isa kwamin albasa, yakan je ya duba da idonsa. Ba na ganin laifinsa. Na tuba ga Allah, ina roƙon Ya karɓa.

Ku samari da aka ba amanar shafin unguwa ko na makaranta, ku ji daga wanda ya ɗanɗana. Bidiyon da kuka gani a waya yana da mai shi, ko ba ku san fuskarsa ba. In ya ba da damar maƙalawa, ku tsaya a nan. In kuna son fiye da haka, ku tambaye shi, in ya ce a'a ku haƙura. Kada ku goge sunan kowa, kada ku yanke maganarsa ta faɗi abin da bai nufa ba. Wanda kuma ya zo muku yana waige-waige yana cewa ba wanda zai gane, ku tashi ku ba shi wuri. Ranar da za a gane, shi yana gidansa, ku ne za ku tsaya a gaban alƙali, iyayenku suna zaune a baya suna jin abin da kuka yi.